Dattin Cikin Bindiga da Hanyoyin Gane Shi: Nazari a Kan Bindigogin Toka na Masarautar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dattin da ke taruwa a bututun bindiga bayan harbi, ta rarrabe shi gida uku: tokar albarushi, da gogaggiyar dalma, da ragowar abin da aka lulluɓe harsashi da shi. An kwatanta bindigar zamani mai sarrafa kanta da hayaƙi da bindigar toka ta hawan sallah da farauta a ƙasar Daura. An dogara ne da rubutaccen tarihi da ilimin sinadarai. Maƙalar ta nuna cewa kowane datti da alamarsa da maganinsa, kuma a bindigar toka haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne daga danshin da toka ke jawowa.

Gabatarwa

A yau idan aka ce 'yan bindiga a Jihar Katsina, zuciya ba ta zuwa ko'ina sai daji. Amma kalmar ta girmi wannan masifa. 'Yan bindigar sarki su ne masu tafe a ƙasa cikin tawagar hawa, suna ɗura albarushi suna saki, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da su a Sallar Gani ta Daura ya san warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, ya kuma ga yadda tafin hannun maɗuri ke komawa baƙi ƙirin tun hawa bai yi nisa ba. Abin da ya manne a hannu kaɗan ne daga abin da ya rage a cikin bututu.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun bindiga a fadar Kano. A ƙarni na 19 kuwa Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu, ta tara bindigogi masu yawa har tana zuba igwa a Zinder, a lokacin da Zango da Baure na ƙasar Daura ke ƙarƙashin inuwarta, kafin Turawa su ɗora Malam Musa kan sarautar Daura a 1906. M. G. Smith ya yi bayanin siyasar wannan zamani a littafinsa kan Daura na 1978, Joseph Smaldone kuma ya nazarci yaƙi a Daular Sakkwato a 1977. Hankalin waɗannan ayyuka yana kan mulki da yaƙi. Wannan maƙala ta karkata ne ga ita kanta bindigar da lafiyar mai riƙe da ita.

Darasi daga bindigar zamani

Bindiga irin AK-47 tana da wata 'yar kafa a jikin bututunta. In an harba, wani kaso na hayaƙin yakan bi ta kafar ya tura sandar da ke fitar da kwanson harsashi ta ɗora sabo. A Amurka da Ostareliya akwai masu zuba harsashin dalma da kansu don wasan harbi, suna lulluɓe shi da wani fenti mai kama da roba, su gasa shi, domin kada dalmar ta gogi ƙarfe. Idan fentin bai gasu ba, ko harsashin ya yi wa bututun kaɗan, hayaƙi mai zafi yakan kutsa ta gefensa ya zaftare dalma, wadda ke narkewa a maki 327 na ma'aunin Salshiyos. Ɓurɓushin ya bi ta kafar, ya daskare, bindiga ta fara cijewa. Ko sojojin Amurka sun ɗanɗana irin wannan a Biyetnam, inda sauya nau'in albarushi ya ƙara wa bindigarsu M16 datti har majalisar wakilan ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967.

Dokar Makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula irin waɗannan bindigogin soja a Najeriya, ta bar bindigar toka ƙarƙashin lasisi. Don haka abin ɗauka a nan shi ne tsarin binciken: a dubi inda dattin ya kwanta, da launinsa, da abin da ke narkar da shi, kafin a ce ga dalili.

Abin da ke cikin bindigar toka

Albarushin gargajiya ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa yakan rage a matsayin daskararren abu, wani ya fita a hayaƙi, wani ya liƙe a bango. Gishirin da ke cikin wannan toka mai shan danshin iska ne. Nan ne gizo ke saƙa.

Gwajin ba ya bukatar komai sai farin ƙyalle da ruwa da sanda. A jiƙa ƙyallen a zura har gindin bututu a jujjuya. In ya fito baƙi yana warin farar wuta, kuma baƙin ya saki a ruwa, toka ce. In an ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa da ba su narke ba, dalma ce, kuma an fi samunta a bindigar mafarauta, tunda ta hawa albarushi da tsumma ko takarda kawai ake ɗura mata. In ƙyallen ya fito ja-ja kamar ƙasar jigawa, tsatsa ce, wato toka ta riga ta kwana ta ci ƙarfe. In kuma aka ji abu mai danƙo kamar kwalta, to an zuba baƙin mai a kan tokar da ba a wanke ba, ko an toshe ɗuri da leda ta narke. Wannan na ƙarshe shi ne ɗan'uwan fentin harsashin zamani, kuma ruwa ba ya fitar da shi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na mai. Mutum yana ganin ya kyautata wa bindigarsa da ya shafe ta da man inji ya jingine a ɗaka, alhali ya rufe gishiri ne a kan ƙarfe. Ruwan ɗumi ke wanke tokar albarushi. Sai an wanke, an busar sarai, sannan mai ya yi amfani.

Yanayi ma yana da hannu. A hunturu toka kan bushe ta yi tauri, bututu ya tsuke, ɗuri ya ƙi sauka har gindi. Ratar da ta rage tsakanin albarushi da abin da aka toshe shi da shi tana iya kumbura bututu ko ta fasa shi. Da damina kuwa tokar kan yi laushi ta tsotsi ruwa, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya. Sallar Gani tana bin watan Rabi'ul Awwal, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 Mauludi ya faɗo a Satumba, shekaru masu zuwa kuma zai ratsa Agusta da Yuli, tsakiyar ruwa ke nan. Bindigar da aka harba a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah aka ajiye ba wanki za ta iso Gani da ramuka a gindinta, daidai wurin da ƙarfin fashewa ya fi yawa, kuma daga waje ba a ganin komai.

Saura garwashi. Ɓawon toka yakan ɓoye ƙyallin wuta na tsumman da bai gama ci ba. Maɗurin da ke gaggawar sake harbi don kada a bar shi a baya, yana zuba albarushi ne a kan wannan wuta, hannunsa na bakin bindiga, jama'a kuma na kewaye da shi.

Shawara

Bayan da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin gadon al'adun duniya a Disamba 2024, idon baƙi zai ƙara dawowa kan hawan masarautun Arewa, har da Daura. Ina roƙon majalisar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, ta sa shugabannin 'yan bindiga da maƙera su riƙa duba kowace bindiga kwanaki kafin hawa, a yi mata gwajin farin ƙyalle, a haska cikinta da tocila. Wadda aka ga rami ko kumburi a jikinta a ajiye ta, kada a bari ta fita hawa. Bayan an sauka kuma, a wanke duka a ranar, kafin a kwanta.