Mako Biyu a Tattara Kaya: Daga Korar 1969 zuwa ta 1983

Ana ta jimamin yadda Amurka ke tasa ƙeyar baƙi marasa takardu, kamar a can aka fara wannan ɗanyen aiki. Alhali mu ma a Afirka ta Yamma mun yi wa juna.

Tun kafin Turawa su shata iyakoki, fataken goro ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga. Wasu suka zauna, suka kafa zango a Kumasi da Akara, suka hayayyafa, ba wanda ya tambaye su takarda.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia, wadda ba ta cika wata biyu a mulki ba, ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice daga Ghana. Yarabawa 'yan kasuwa abin ya fi shafa, amma bai bar Hausawa da Zabarmawa da Mosawa ba. Aka karyar da kadara a wulaƙance. Mutumin da aka haifa a zango, bai taɓa ganin Kano ba, aka ce ya koma garinsu. Ina garinsu yake?

A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta ba da irin wannan wa'adi, mako biyu ita ma. 'Yan Ghana kusan miliyan 1 suka cunkushe a iyakar Seme da tashar jirgin ruwa ta Apapa, kayansu a cikin jakar nan da har yau ake kira "Ghana Must Go".

Wasu na cewa ramuwar gayya ce. Wasu kuma na kafa hujja da rikicin Maitatsine na 1980 a Kano, tunda jagoransa Muhammadu Marwa daga Kamaru ya zo. Ni ban gamsu ba. Da ramuwa ce, me ya sa aka yi shekarun arzikin mai ana ɗaukar malaman makaranta 'yan Ghana hannu bibbiyu, har aka sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirga a 1979? Farashin mai ne ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga zaɓe na tafe a Agusta, sai aka nemi wanda ba shi da ƙuri'a aka ɗora masa laifi. Da aljihu ya ƙara bushewa a 1985, gwamnatin Buhari ta sake korar wasu dubban ɗaruruwa.