Fijo 504 a Bauchi da tarihin tsagewar top silinda

Duk wanda ya yi wayo a garin Bauchi cikin shekarun 1980 ya san idan aka ce mota, Fijo ake nufi. Ita ce ta ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya zuwa Jos da Kano da Gombe, akori-kurarta kuma ita ke kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye. Yau 'yan ƙalilan suka rage a hannun masu sha'awa, kuma kusan duk wadda muka tarar an jingine ta a gareji, amsar bakanike ɗaya ce: top ya tsage.

A Faransa aka fara ƙera 504 a shekarar 1968. Kamfanin PAN na Kaduna ya soma aiki a 1975, shekara ɗaya kafin a ƙirƙiro jihar Bauchi. Zamanin kuɗin mai ne, lokacin da gwamnati ke kakkafa masana'antun haɗa motoci, har mu ma muka samu rabonmu, wato kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barinta.

Injin fetur ɗin da muka fi sani mai silinda huɗu ne, cc 1971. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, shi kuwa top ɗin da ke zaune a kanta alminiyam ne, da gasket a tsakaninsu. A nan lagon yake. Idan zafi ya hau, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Muddin ruwa na zagayawa yadda aka tsara, ba komai. Amma da zarar inji ya tafasa, top sai ya nemi miƙewa, kusoshi kuma sun danne shi, sai ya lanƙwashe ko ya tsage a inda namansa ya fi siranta, tsakanin mazaunin bawul biyu ko kusa da ramin fulogi.

A ganinmu canjin ya zo ne da tsarin SAP na 1986. Darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin direban haya, kasuwa ta koma hannun kayan Beljiyam. Daga nan bakanikawa suka shiga dabara, kuma ba ma ganin laifinsu, domin da dabarar aka ciyar da gidaje da yawa. Sai dai kowace dabara da abin da ta ci wa top.

Cire tamostat ya zama ruwan dare, wai ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Alhali aikinsa shi ne riƙe inji a zafi guda. Babu shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba da safiyar hunturu, sannan ya yi ta hawa da sauka tsakanin zafi da sanyi a hanya, ƙarfe kuwa yana gajiya da wannan kai-komo. Ga kuma ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Yana barin ƙanzo a cikin hanyoyin ruwa, yana kuma cin alminiyam ta ciki inda ido ba ya gani.

Wadda ta fi yin ɓarna ita ce kankare top. Idan gasket ya ƙone, top ya ɗan lanƙwashe, sai a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe a share fuskarsa ta daidaita. Sau ɗaya, cikin iyakar da kamfani ya yarda, ba laifi. Amma akwai top ɗin da an share shi sau uku ko huɗu a hannun masu shi daban-daban, ba wanda ya san lissafin na baya. Kowace shara tana rage kaurin ƙarfen, tana kuma ƙuntata ɗakin da mai ke ƙonewa, matsi ya ƙaru. Direba zai ji mota ta ƙara ja, har ya yi murna, amma ƙarar nan ta "ƙyar-ƙyar" da yake ji idan ya taka a hawa, mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan top kamar guduma. A haɗa da ɗaure kusoshi da ƙiyasin hannu, ba tare da sufana mai awo ba, ba kuma bisa jerin da aka tsara ba.

Sannan a ɗora wa wagon fasinja fiye da kujerunta, da buhuna a but, a nufi Jos. Daga Bauchi zuwa can hawa ne na kusan mita 600. Mota ta tafasa, a tsaya a gefen titi, yaron mota ya kwara mata ruwan sanyi nan take. Sau da yawa a wannan minti ɗin ne top yake tsagewa, ko da yake sai bayan kwanaki farin hayaƙi zai bayyana a salansa, bakin mai ya koma kalar shayi da madara.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi shi ne, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, masu tsofaffin motoci suke tunanin mayar da su masu amfani da gas na CNG. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar yadda fetur ke yi, kuma idan saitin ya yi ƙarancin gas zafin ɗakin ƙonewa yana ƙaruwa. Top ɗin da ya sha shara shekara talatin ba shi da sauran abin da zai jure da shi. Mai 504 da ke da wannan niyya, ya sa a auna kaurin top ɗin, a gwada shi da matsin ruwa a ga ko yana yoyo, a wanke lagireto, a mayar da tamostat, kafin ya biya kuɗin tukunyar gas.