Concorde da Tu-144: yadda nake tantance hotunan jiragen da suka fi sauti gudu

Babana dillalin shanu ne a Agege, kuma tun ina yaro ya koya mini cewa ba a sayen sa sai an duba haƙoransa. Wannan darasin nake bi wajen tara hotunan tsofaffin jiragen sama, domin an taɓa sayar mini da hoto a matsayin Concorde, ashe na Rasha ne.

Jiragen fasinja iri biyu kacal suka taɓa jigilar mutane da gudun da ya zarce na sauti. Tu-144 na Tarayyar Sobiyet ya fara tashi ranar 31 ga Disamba, 1968. Concorde, haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa, ya biyo baya ranar 2 ga Maris, 1969.

Concorde ya soma ɗaukar fasinja ranar 21 ga Janairu, 1976: ɗaya daga Landan zuwa Bahrain, ɗaya daga Paris zuwa Rio, yana yada zango a Dakar. Yana cin kimanin kilomita 2,180 a awa, da fasinja kusan 100. Landan zuwa New York awa uku da rabi ne! Guda 20 aka ƙera, 14 suka yi jigila. Ranar 25 ga Yuli, 2000, ɗaya ya faɗi kusa da Paris, mutum 113 suka rasu. A 2003 aka daina amfani da shi. Shi kuwa Tu-144, daga 1977 zuwa 1978 kawai ya ɗauki fasinja, tsakanin Mosko da Alma-Ata.

To, ya za ka bambance su a hoto? Dukkansu hancinsu na sunkuyawa lokacin sauka. Amma yawancin Tu-144 na da ƙananan fikafikai biyu bayan ɗakin matuƙi, kamar gashin baki. Concorde ba shi da su. Sai ka duba rubutun jikinsa: G na Birtaniya ne, F na Faransa, CCCP na Sobiyet. In ka ga su biyun tare a kan rufin gini, gidan tarihin Sinsheim ne a Jamus.

Shawarata ga ɗan'uwa mai sha'awa: rubuta lambar jirgin da fensir a bayan hoto, kada ka manna shi da gam, kuma ka nisanta shi da bango. Laimar Kudu ba ta wasa. Damina ɗaya ta cinye mini hotuna shida.