Takardar zama da takardar ƙetarawa: matsayin mazaunin dindindin a iyakar Nijar da Nijeriya

1. Gabatarwa

A wannan ɗan bincike za mu duba abin da hukuma ke nema daga mutumin da ya daɗe da zama a ƙasar da ba tasa ba, idan ya tashi ƙetara iyaka: misali ɗan Maraɗi mai shekara talatin a Kano, ko Bakatsinen da ya kafa gida a Damagaram. Abin da muke son nunawa shi ne, tun daga asali, izinin zama daban yake da izinin ƙetarawa, kuma na farkon bai taɓa wadatar da mai shi daga na biyun ba.

2. Kafin takarda

A zamanin fatauci, mutum ne ke tsaya wa mutum. Baƙo kan sauka a zango, mai masaukinsa ya zama shaidarsa gaban sarki, madugu kuma ya biya wa ayari kuɗin hanya. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1890, 1898, 1904 da 1906 su ne suka shata iyakar, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. A ɓangaren Faransa, talaka ba ya da ikon barin yankinsa sai da izinin kumandan, har zuwa 1946 da aka soke dokar talakawan mallaka. Harshe ma ya riƙe sawun wannan rabo: ma'aikaci guda ne muke kira ɗan duwan a arewacin layin, ɗan kwastan a kudancinsa.

3. Zamanin CEDEAO

Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta soke biza tsakanin ƙasashen ƙungiyar, amma da sharaɗi: matafiyi ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, kuma kada zamansa ya wuce kwana 90. Ba ta riga ta tsara matsayin wanda ya zauna ba. An ga illar wannan giɓi a watan Janairu na 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi sama da miliyan guda, akasarinsu ƴan Gana, tare da ƴan Nijar masu yawa. Daga 1984 zuwa 1986 kuma iyakar ta kasance a rufe.

Bayan haka ne aka ƙirƙiro littafin tafiya na CEDEAO a 1985, aka amince da haƙƙin zama a 1986, da katin mazauni a 1990, da fasfo na bai ɗaya a 2000, sai katin shaida mai ɗauke da zanen yatsu a 2014. Ya kamata mu lura da wani abu: katin mazauni ƙasar da ta karɓi mutum ce ke ba da shi, fasfo da littafin tafiya kuwa sai ƙasar asali. Ke nan wanda aka haifa a zango, ba ya da takardar haihuwa, yana iya samun kansa ba ya da hujjar neman ko ɗaya daga cikinsu.

4. Kammalawa

Rufe iyakar a 2019 da 2023 ya nuna cewa ko cikakkun takardu ba su buɗe ƙofar da siyasa ta kulle. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, aka kuma ƙaddamar da fasfon ƙawancen ƙasashen Sahel. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin takardun ƴan ƙasashen da suka fita, har sai an ba da wata sanarwa. Saboda haka haƙƙin da mazauni ya samu ta hanyar yarjejeniya ya koma rataye a kan sassauci na wucin gadi. Muna ganin aikin da ya fi gaggawa ga masu bincike shi ne tattara bayanan iyalan da ke zaune a gefe biyu na iyakar, domin a san wace takarda ce a hannunsu, kuma wace ƙasa ce ta ɗauke su a matsayin nata.