Tarihin Cibiyar TPI: Inda Ake Duba Jiki Kafin a Gyara Bugu

An daɗe ana yi wa golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, kallon wasan masu hutu. Mutum ya yi tattaki a kan ciyawa, ya bugi ƙwallo, ya sha hira da abokai, ya koma gida. Har manyan 'yan wasa na da can ba su cika damuwa da motsa jiki ba, wasu ma tsoronsa suke yi, wai ɗaga ƙarfe yana sandarar da jiki ya ɓata bugu. Waɗanda suka saɓa wa wannan ra'ayi ƙalilan ne. Akwai Frank Stranahan na Amurka, wanda tun shekarun 1940 yake yawo da ƙarafan ɗagawa zuwa gasa, sai Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda ya ci manyan kofuna 9 yana ta wa'azin atisaye, mutane suna masa kallon mai neman suna.

Tiger Woods ne ya rufe bakin masu gardama. A 1997, yana ɗan shekara 21, ya lashe gasar Masters da tazarar bugu 12, ga nisan bugu, ga jiki irin na 'yan tsere. Daga nan kowa ya yarda cewa jiki yana da ta cewa a wasan. Sai dai tambayar da ta rage ita ce: wane atisaye, ga wane mutum, don gyara wace matsala? Wannan giɓi ne cibiyar Titleist Performance Institute, wadda aka fi sani da TPI, ta zo cikewa.

Mutum biyu ne suka kafa ta a 2003. Na farko Greg Rose, wanda ya karanci injiniyanci kafin ya zama likitan gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi. Na biyu Dave Phillips, malamin golf. Dukansu sun yi aiki a jihar Maryland, kuma kowannensu ya riga ya gane cewa rabin maganar kawai ke hannunsa. Malami yana ganin kuskuren ɗalibi, ya yi ta nanata gyara, ɗalibi ya kasa. Likita yana karɓar mai ciwon baya, ya yi masa magani, ya koma fili ya dawo da ciwon. Da suka haɗa kai sai suka ga sau da yawa abu ɗaya suke fama da shi ta fuska biyu: ɗalibin ya fahimci abin da ake faɗa masa sarai, jikinsa ne ba zai iya ba.

Kuɗi da wurin zama sun fito ne daga kamfanin Acushnet, mai yin ƙwallaye da sandunan Titleist, a zamanin shugabancin Wally Uihlein. Kamfanin yana da filin gwajin kayansa a garin Oceanside na jihar Kalifoniya, arewa da San Diego, a nan aka zaunar da cibiyar. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan wasan da bayansa ke lafiya zai daɗe yana wasa, wanda ya daɗe yana wasa kuwa zai daɗe yana sayen ƙwallo. Ban da haka, kamfanin yana da ƙwararrun 'yan wasa da ke amfani da kayansa, kuma da ma ana auna musu sanda daidai da hannunsu. Yanzu sai aka ƙara da auna shi kansa mai riƙe sandar.

Aƙidar cibiyar mai sauƙin faɗa ce. Hanyoyin kaɗa sanda ba su da iyaka, amma kowane mutum yana da wadda ta fi dacewa da shi, kuma abin da jikinsa zai iya ne ke nuna ta. Saboda haka duk wanda ya je, kafin a ce ya bugi ƙwallo sai an yi masa jerin gwaje-gwaje, waɗanda a matakin farko suka kai 16. Za a ce ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Za a ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido. Za a zaunar da shi, gwiwoyi a haɗe, sanda a kafaɗa, a ga iya inda zai juya dama da hagu. Akwai kuma wanda ke tona asirin mutane da yawa: ya ɗaga sanda sama da kai da hannu biyu, ya tsuguna har ƙasa, dugadugansa ba su bar ƙasa ba. Babban mutum mai ji da ƙarfi sai ka ga ya kai rabi ya tsaya, ko dugadugai su tashi, ko sandar ta rinjayo gaba.

Me tsuguno ya haɗa da golf? Mai idon sawu ko kwatangwalo a sandare ba ya iya riƙe sunkuyonsa lokacin da sanda ke saukowa, sai ƙugunsa ya turo gaba wajen ƙwallo, ya miƙe tun bugu bai kai ba. Hannuwa su rasa hanya, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Malami zai iya shekara yana cewa "kar ka miƙe", a banza. Cibiyar ta tattara irin waɗannan kurakurai guda 12 da aka fi gani, ta danganta kowanne da gaɓar da ake zargi. Ta kuma yaɗa wani tunani da masu horarwa irin su Gray Cook da Mike Boyle suka shahara da shi, cewa gaɓoɓin jiki karɓa-karɓa suke yi: idon sawu motsi, gwiwa tsayuwa, kwatangwalo motsi, tsatso tsayuwa, ƙashin baya na sama motsi. In kwatangwalo da saman baya suka ƙi juyawa, tsatso ne zai ɗauki aikin da ba nasa ba, shi ya sa ciwon ƙasan baya ya zama babban ƙorafin 'yan golf.

Da na'urorin ɗaukar motsi da ake maƙala wa jiki, cibiyar ta nuna wa jama'a wani abu da ido ba ya kamawa. Ƙwararru ko da salon bugunsu ya sha bamban, jerin motsinsu kusan ɗaya ne: ƙugu ya fara, ƙirji ya bi, sai hannu, sanda a ƙarshe, kowanne yana miƙa wa na gaba gudunsa. Wanda ya taɓa faskare ya san wannan ko bai san sunansa ba. Mai sara da hannu kawai ya gaji da wuri, mai sara daga ƙafa da ƙugu ya wuni yana aiki.

Da a ce cibiyar ta tsaya kan manyan 'yan wasa da attajiran da ke iya zuwa Oceanside, da labarinta bai wuce nan ba. Abu biyu suka fitar da ita duniya. Na farko shirin talabijin mai suna Golf Fitness Academy da Rose da Phillips suka yi shekaru suna gabatarwa a tashar Golf Channel. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne fara ba da takardar shaidar ƙwarewa a 2006. Aka riƙa tara malaman golf da likitocin gashin ƙashi da masu horar da motsa jiki a aji ɗaya, a koya musu gwaji ɗaya da harshe ɗaya, don in malami ya turo ɗalibi wurin likita su fahimci juna. Karatun ya kasu mataki uku, da fannoni na koyarwa, lafiya, motsa jiki, ƙarfin bugu da horar da yara. A fannin yara ana nanata cewa yaro ya yi gudu da tsalle da jifa da wasanni iri-iri kafin a ɗaure shi kan golf kaɗai, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dubban mutane a ƙasashe masu yawa sun karɓi wannan shaida, daga baya ma aka kai tsarin ga wasan tanis da ƙwallon gora ta Amurka.

Ba a rasa masu suka ba. Wasu na cewa matakin farko gajere ne, kwas na 'yan kwanaki ba ya mai da mutum likita. Wasu na tunatarwa cewa faɗuwa gwajin tsuguno ba hukunci ne ba, akwai waɗanda ke faɗuwa kuma su yi wasa mai kyau. Sukar tana da tushe, kuma gwajin alama ce ta inda za a duba, sauran aiki na hankalin malami ne.

Labarin Jon Rahm na Sifen ya fi kowanne nuna abin da cibiyar ke nufi. An haife shi da ƙafar dama a murɗe, likitoci suka gyara ta tun yana jariri, amma idon sawun ya tashi ba ya motsi sosai. Saboda haka Rahm ba ya kai sanda baya da nisa kamar yadda littattafan koyarwa ke so. Malamin da bai duba ƙafar ba zai ce a tsawaita. Dave Phillips, wanda ya daɗe yana aiki da shi, ya bar gajeren bugun yadda yake, aka gina ƙarfi a kewayensa. A 2021 Rahm ya lashe gasar US Open a filin Torrey Pines, tafiyar da ba ta da nisa daga Oceanside, ya zama ɗan Sifen na farko da ya ci wannan kofi. A 2023 ya ƙara da Masters, da wannan gajeren bugun da idon sawunsa ya tsara masa tun ranar haihuwa.