Sammakon Zariya

Ranar wata Alhamis da dare ina tsakar gida ina duba tayar mota da tocila, sai ɗan ƙanena ya tsaya a kaina ya ce, "Baffa, wai Zariyar da ba ta wuce awa biyu ba ita ake wa wannan shiri kamar za a Makka? Ɗaurin auren fa sai an sauko daga Juma'a." Na ce masa ya je ya kwanta, ana sallame Asuba za mu tashi. Ya tafi yana gunaguni. To, abin da ban samu faɗa masa a daren ba shi ne zan faɗa maka, ya mai karatu, domin kuwa wannan sammako da yake gani kamar rigimar tsofaffi, gado ne, kuma yana da tarihi.

Tsakanin Kano da Zariya kilomita 150 ne da 'yan kai. A zamanin kakanninmu wannan tafiyar kwana biyar ce ko shida, in kuwa jakuna sun yi nauyi har bakwai. Mutum ba ya tashi kawai ya ce ya tafi. Sai ya nemi ayarin da zai bi, ya je ya gaida madugu, domin shi ne mai ayari, shi ke sa ranar tashi bayan malami ya duba ya ce ranar ta yi. Akwai jagaba wanda ya san hanya, shi ke gaba. A gida kuwa mata suna ta dakan guzuri, garin gero da ƙuli-ƙuli da dakuwa, mai hali ya haɗa da kilishi. Kuɗin ma kansa kaya ne, don wuri ne, sai an ɗora wa jaki. Ka ga ke nan falke yana biya wa kuɗinsa kuɗin mota tun ba a yi motar ba.

Amma babban abin da madugu ke lissafawa ba guzuri ba ne, rana ce. Kowane birni da ganuwarsa, kuma magariba na yi sarkin ƙofa zai rufe ƙofa, ko kai wane ne sai dai ka kwana a waje. A wajen kuwa akwai kura, akwai 'yan fashi, sannan a ƙarni na 19 ga Ningawa da suka addabi kudancin ƙasar Kano da hare-hare suna kwasar mutane. Saboda haka dole a tashi tun da duku-duku, a ci rabin tafiya kafin rana ta take, a isa zango da sauran haske, a sauke wa dabbobi, a nemo ruwa da ciyawa. In damina ce kuma ga kogin Challawa a gaba, ba gada, sai a jira masu fito a biya su. Wanda ya makara sa'a ɗaya da safe, wallahi yana iya biyan ta da kwana guda a bakin ruwa.

Babban zango a wannan hanya shi ne Bebeji, gari mai ganuwa, matattarar fatake. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin gidan fataucin goro. Ta nan kuma Bature Clapperton ya bi a 1826 lokacin da ya fito daga Zariya zuwa Kano. Kai, har waɗanda suka zo cin garin ta nan suka biyo. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja fiye da 700, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Ka ƙirga da kanka, kwana biyar ke nan. Wato mai igwa ma bai fi mai jaki sauri ba, duk ƙafa ce. Yau titin mota bai ratsa cikin Bebeji ba, yara da yawa sun sha zuwa Zariya ba su taɓa ganin garin da kakanninsu ke kwana ba.

Shekara takwas bayan haka layin dogo ya iso Kano, a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912. Tafiyar kwana biyar ta koma ta wuni ɗaya, ko ƙasa da haka. Nan ne mutanenmu suka fara gamuwa da wani sabon sarkin ƙofa, wato agogo. Jirgin ƙasa bai san madugu ba, bai san attajiri ba, in ya yi kuka ya tashi shi ke nan. Sai ka ga mutum ya kwana a tasha da tabarmarsa don kada a bar shi. Jirgin kuwa shi yana da izinin makara, kai ne ba ka da shi.

Daga nan sai manyan motocin katako, fasinja a bisa buhunan gyada, ƙaren mota a rataye a baya da wejinsa. Su kuma ba su san agogo ba sam, abin da suka sani shi ne lodi. Sai mota ta cika take tashi, saboda haka wanda ya zo da sassafe shi ke samun motar farko, wanda ya zo da hantsi sai ya zauna yana sauraron ɗan kamasho yana rantsuwa cewa saura mutum ɗaya. A watan Afrilun 1972 aka mayar da tuƙi hannun dama. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kaduna, 504 ta cika hanya, masu ɗan hali suka fara zuwa Zariya da motarsu su dawo a ranar. Titin kuwa ƙwaya ɗaya ne siriri, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa, ga tireloli. Rayukan da wannan titi ya ci Allah kaɗai ya san adadinsu. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, a zamanin Babangida kuma aka mayar da hanyar tagwaye. Muka ce to, yanzu kam an huta da sammako.

Ashe da sauranmu. A 1994, lokacin yajin aikin ma'aikatan mai, aka sa ɗaurin auren ƙanena a cikin birnin Zariya, ƙarfe 11 na safiyar wata Asabar. Ni ne wakilin ango, sadaki yana aljihuna, goro da alawa suna but ɗin motata. Na yi lissafina irin na 'yan boko: awa biyu ce, in na tashi ƙarfe takwas ai har da rarar awa guda. Gidajen mai duk a rufe, don haka tun jajibere na sayi galan huɗu wajen 'yan bumburutu. Muka wuce Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa, muka wuce Kura lafiya lau, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Muna dab da Kwanar Ɗangora mota ta fara tari, ta yi shiru. Ashe man nan an sirka shi da kananzir. Kafin a samo bakanike, ya kwance kafireto ya busa, a zubar da wancan man a nemo wani a ƙauye da kuɗin da ba na son tunawa, rana ta take tsaka.

Mun shiga Ƙofar Doka ana kiran Azahar. Jama'a sun watse, liman ya tafi, an naɗe tabarmi. Kawun amarya, wani dattijo mai zafin rai, ya ce mutanen da suka kasa zuwa karɓar aure a kan lokaci ba za su iya riƙon mace ba, shi ya fasa. Na durƙusa a zauren nan, ni da furfurata ta fara fitowa, ina cewa, "Allah ya huci zuciyarka Baba, laifina ne, ba na yaron ba." Ya ce, "Kai ɗin wa ya hana ka sammako?" Ban da amsa. Sai bayan La'asar, da aka sa bakin limamin unguwa, aka ɗaura auren da mutum bai fi goma sha biyu ba. A lokacin babu wayar hannu, sai 2001 ta zo, don haka duk tsawon wunin nan amarya da uwarta suna ciki suna kuka, sun ɗauka ko haɗari muka yi ko kuwa mun gudu. Wannan amarya ita ce uwar yaron da ke tambayata dalilin sammako.

A 2018 aka fara sake gina hanyar, shekaru muna bin hannu ɗaya cikin ƙura, yanzu dai tsakanin Kano da Zariya ta yi kyau, har kyan nata ya zama abin tsoro don yadda yara ke taka mota. Amma lissafin bai ragu ba. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara yin gaba. Shi ya sa yanzu ba mai zuwa Zariya shi kaɗai a mota, sai a nemi 'yan'uwa huɗu a yi karo-karo, ka ga ayari ya dawo ke nan, mai motar shi ne madugu. Tafiyar dare kuwa, tun da satar mutane ta yi yawa a hanyoyin Arewa, babu mai hankalin da ke son magariba ta same shi a daji. Ganuwa ta rushe, ƙyauren ƙofa yana gidan tarihi, amma har yau da rana muke lissafi.

Saboda haka shirina bai canza ba. In sha mai tun jajibere a gidan man da na sani, in duba safaya da jak da ruwan lagireto, in tanadi canji a aljihun gaba, takardun mota a kusa saboda shinge. In ana jirana ƙarfe biyu, to ni ƙarfe tara ina garin. Dawowa kuwa ana idar da La'asar, ko an ce ga tuwo nan an kusa saukewa.

Ranar Juma'ar nan mun tashi shida saura kwata. Yaron ya yi barci tun daga Ƙarfi, bai farka ba sai da muka tsaya shan shayi a Tashar Yari. Mun isa Kwangila takwas da 'yan mintoci. Ya dubi agogo ya dube ni ya ce, "To Baffa, yanzu me za mu yi har ƙarfe biyu?" Na ce ya gyara hularsa, za mu fara zuwa gaida kakanninsa na wajen uwa, a zauren da na taɓa durƙusawa.