Gaggawar Kasuwa da Raunin Manhaja

Duk mai bibiyar tarihin sana'ar ƙera na'urorin lantarki zai tarar cewa illar da ke damun manhajarsu daɗaɗɗiya ce, domin tun asali masu masana'antu sun ɗauki ƙarfe da gilashi a matsayin haja, ita kuwa manhaja, da yake mai saye ba ya iya jarraba ta a kanti, sai aka mayar da ita abin ƙarasawa a ƙurarren lokaci.

A shekarar 1982, kamfanin Atari na Amurka, saboda kwaɗayin cinikin Kirsimeti, ya ɗora wa Howard Scott Warshaw nauyin rubuta wasan E.T. cikin kimanin mako biyar, alhali kuwa irin wannan aiki bisa al'ada watanni yake ci. Da yake a wancan zamanin abin da aka ɗora a kaset ba ya gyaruwa, jama'a suka yi ta mayar da wasan saboda rauninsa, har a 1983 aka binne tulin kayan kamfanin a juji a garin Alamogordo. A ganina, zalunci ne a ɗora wa marubucin laifin da na mahukunta ne.

Zuwan intanet ya sauƙaƙa gyara, amma ya haifar da sakaci, inda aka shiga sayar da kaya kafin a kammala. Ranar 31 ga Disamba 2008, na'urorin kiɗa na Zune 30 na kamfanin Microsoft suka sandare a hannun masu su, saboda lissafin agogonsu ya kasa wuce rana ta 366 ta shekarar, kuma shawarar Microsoft ita ce a bar batir ya ƙare, a jira wayewar gari.